Kuɗin riƙon yaro ana haɗa shi da kuɗin shiga wajen cike inshorar Obamacare?

Maman Abba, Kolumbus:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar inshora da haraji ku agaza mini, tun jiya kaina ke sarawa. Kun san yaron nan da muka riƙa ta hannun gwamnati tun yana wata takwas, wanda nake zuwa da shi walimar Sallah. To a watan Yuni kotu ta kammala komai, ya zama namu a takarda. Jiha tana ba mu dala 700 duk wata saboda asmarsa da jinkirin magana, kuma katinsa na Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati, bai tsaya ba.

Yanzu ga shi an buɗe rajistar inshora ta 2026. Ni da Baban Abba a HealthCare.gov, kasuwar inshorar Obamacare ta gwamnati, muke saye, don wurin aikina ba sa bayarwa, shi kuma tuƙi yake yi da motarsa. Jiya na kira wani dillali ya taya ni cikewa. Sai ya ce in haɗa dala 700 ɗin nan cikin kuɗin shigarmu, kuma kada in rubuta yaron cikin mutanen gida tunda yana da katinsa daban. Da muka yi hakan sai na ga abin da za mu riƙa biya duk wata ya haura dala 300. Wallahi sai da na ajiye wayar na sha ruwa. Mu biyar ne a gida har da shi, abin da muke samu ni da maigida a shekara wajen dala 54,000 ne. Haka abin yake, ko dai mutumin nan ya ɓatar da ni?

Anti Nas, Baltimo:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kada ki danna tura tukuna. Ni ba gwanar haraji ba ce, amma shekara bakwai ke nan ina karɓar irin wannan kuɗin a kan 'yata, ban taɓa sa shi a takardar haraji ba, kuma ba wanda ya taɓa aiko mini da takardar da ke nuna albashi ne. Bari Mai Lissafi ya shigo, shi ne maganin abin.

Alhaji na Bronx:
Hajiya, ni dai shawarata a faɗi gaskiya a huta. Kuɗi ya shigo asusunki duk wata, ki ce ba kuɗin shiga ba ne? Mutanen nan kwamfutarsu tana ganin komai. Gara ki biya ɗari uku da kwanciyar hankali da a zo bayan shekara biyu a ce ki dawo da dubbai. Mun ga waɗanda abin ya faru da su a nan.

Mai Lissafi, Miniyapolis:
Alhaji Allah ya ƙara girma, niyyarka mai kyau ce, amma a wannan gaɓar ba maganar ɓoyewa ake yi ba. Fom ɗin ba ya tambayar duk abin da ya shiga asusu. Akwai ma'auni guda da doka ta ajiye, shi ake kira MAGI. Shi ne kuɗin shigar da ke kan takardar harajinka bayan an cire abin da doka ta yarda a cire, sannan a ƙara abu uku kawai: kuɗin Social Security (na ritaya ko naƙasa daga gwamnati) da ba a biya wa haraji ba, kuɗin ruwan da aka yafe wa haraji, da abin da mutum ya samu a ƙasar waje aka keɓe masa. Shi ke nan. Tallafin da jiha ke bai wa iyayen da suka ɗauki yaro daga hannunta ba ya cikin takardar haraji tun farko. Hukumar haraji ta IRS ta yanke wannan tun 1974, ta ɗauke shi a matsayin agajin jin daɗin jama'a don kula da yaron, ba ladan aiki ba. Tunda ba ya cikin asali, kuma ba ya cikin ukun da ake ƙarawa, to babu inda zai shiga.

Maman Abba, dillalin nan kuskure biyu ya yi miki, kuma duka biyun a kanki suka faɗa. Na farko ya ƙara miki dala 8,400 da ba ta cikin lissafi. Na biyu ya rage miki mutum guda. Yaron nan ɗanki ne a doka, za ku rubuta shi a harajinku cikin waɗanda kuke ɗauke da nauyinsu, saboda haka yana cikin adadin mutanen gida ko da ba a saya masa inshora a kasuwar ba. A fom ɗin akwai bambanci tsakanin waɗanda ke gidan da waɗanda ke neman inshora. Ki sa shi a na farko, ki ce ba ya nema a na biyu.

Ga lissafin. Inshorar 2026 da layin talauci na 2025 ake auna ta. Gida mai mutum huɗu dala 32,150, mai mutum biyar dala 37,650. Yadda ya cike miki, 62,400 ne a kan mutum huɗu, kin tashi wajen kashi 194 cikin ɗari na layin. Yadda ya kamata, 54,000 a kan mutum biyar, wajen kashi 143. Wanda ke 194 ana sa ran ya biya sama da kashi 6 na kuɗin shigarsa, wanda ke 143 ƙasa da kashi 4, tallafin kasuwa ya cike sauran. Kin ga inda ɗari ukun ta fito.

Alhaji na Bronx:
To Malam, in haka ne ai ko ta biya da yawa, lokacin haraji za su mayar mata. Ba asara.

Mai Lissafi, Miniyapolis:
Rabin gaskiya ke nan Alhaji. Rarar kuɗin wata-wata tana dawowa idan an cike fom 8962 da takardar 1095-A da kasuwar ke aikowa a farkon shekara. Amma akwai rangwame na biyu wanda ba ya dawowa ko kusa. Shi ne wanda ke rage abin da kake fitarwa daga aljihunka a asibiti da kantin magani, kuma sai a tsarin azurfa kawai ake samunsa, ɗaya daga matakan inshorar kasuwa da aka sa wa sunayen ƙarafa. Wanda bai wuce kashi 150 ba, tsarinsa yana ɗaukar kusan kashi 94 na kuɗin jinya a matsakaici. Daga 150 zuwa 200 ya koma 87. Daga 200 zuwa 250 ya koma 73. Idan aka jefa ta a 87 alhali haƙƙinta 94 ne, duk abin da ta biya a asibiti cikin shekarar ya tafi, IRS ba ta da layin da za ta mayar da shi. Baban Abba kuwa na san yana shan maganin hawan jini, ba mutumin da zai shekara bai ga likita ba ne.

Maman Abba, Kolumbus:
Innalillahi. Kuma fa dillalin cewa ya yi in koma tsarin tagulla tunda shi ne mai araha a wata.

Anti Nas, Baltimo:
Tagulla da wannan kuɗin shigar? Ai kin zubar da rangwamen gaba ɗaya ke nan. Araha ba ta ado.

Mai Lissafi, Miniyapolis:
Ina da tambaya ɗaya kafin ki sake cikewa, Yaya. 54,000 ɗin nan, ɓangaren maigida kafin a cire kuɗin mai da lalacewar mota ne, ko bayan an cire? Don mai aikin kansa riba ake rubutawa, ba duk abin da manhaja ta turo masa ba. Na tambaya ne saboda kuna dab da wani layi. Ohayo tana cikin jihohin da suka faɗaɗa Medicaid ga manya tun 2014, har zuwa kashi 138. Ga mutum biyar wannan dala 51,957 ne. Tazararku da shi ba ta kai 2,100 ba. Idan ribarsa ta gaskiya ta sauko da ku ƙasa da nan, ku ma Medicaid za a tura ku, ba kasuwa ba. Sai dai ita Medicaid kuɗin wata take dubawa, kasuwa kuma hasashen shekara.

Maman Abba, Kolumbus:
Bayan an cire ne, daga takardar harajin bara na ɗauko. Bana ma ya fi fita aiki.

Mai Lissafi, Miniyapolis:
To ku tsaya a kan gaskiyar abin da kuke sa ran samu, kada a matse lamba don a faɗa ƙasa da layi. A nan maganar Alhaji take da ƙarfi: wanda ya rage hasashensa ya karɓi tallafin da ya fi haƙƙinsa zai biya a lokacin haraji, kuma daga shekarar haraji ta 2026 an cire rufin da a da ke taƙaita abin da masu ƙaramin ƙarfi za su mayar. Duka za a karɓa.

Ɗan Damagaram, Girinsboro:
Salamu alaikum. Ni abin da ban gane ba, ta yaya yaro yake da Medicaid alhali iyayensa suna aiki? Wata biyu da suka wuce aka yanke wa ɗan ƙanena saboda an ƙara wa ubansa albashi. Ko don wannan na gwamnati ne?

Anti Nas, Baltimo:
Ƙofarsu daban ce Malam. Yaranmu na cikinmu ta ƙofar kuɗin shiga suke shiga, albashi ya hau a rufe. Yaron da yake da yarjejeniyar tallafi ta sashe na IV-E, wato wadda gwamnatin tarayya ke sa hannu a kuɗinta, shi Medicaid ɗinsa a manne take da yarjejeniyar. Ko iyayen likitoci ne ba a duba albashinsu. Tun 1980 aka kafa tsarin, kuma dalilinsa a fili yake: yara masu lalura suna ta zama a hannun gwamnati shekara da shekaru saboda masu riƙonsu suna tsoron in sun mayar da su nasu a kotu, kuɗin asibiti zai dawo wuyansu. Sai aka ce to ku ɗauka, katin zai bi yaron.

Kuma katin na yara ba wasa ba ne. Ga wanda bai kai 21 ba, Medicaid tana ɗaukar duk jinyar da likita ya tabbatar tana da buƙata, har da koyar da magana da haƙori da tabarau. 'Yata ta yi shekara uku tana zuwa wajen mai koyar da magana sau biyu a mako, ban taɓa fitar da ko dala ɗaya ba. Inshorar wurin aikina sau ashirin kawai take yarda a shekara. Ni na sa ta a duka biyun, ta aiki ta fara biya, Medicaid ta share ragowar. Doka ta yarda da hakan.

Maman Abba, Kolumbus:
Anti ni ma zan iya saka shi a namu na kasuwa ke nan, ya zama yana da biyu?

Mai Lissafi, Miniyapolis:
Za ki iya, amma da cikakken farashi. Duk wanda ya cancanci Medicaid ba ya samun tallafin kasuwa a kan kansa, ko da ya ƙi karɓar katin. Na Anti ta wurin aiki ne, shi ya sa ya yi mata sauƙi. Ke ba na ganin ribarsa sai in akwai wani likita na musamman da ba ya karɓar katin. Su Abba da ƙanwarsa ma da wannan kuɗin shigar Medicaid ta yara za su faɗa, don layin yara a Ohayo ya ɗan haura ninki biyu na layin talauci. Ke da maigida kaɗai za a saya wa.

Malam Limamin Unguwa:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. Ba a kan kuɗi zan yi magana ba, wannan masu ilminsa sun yi. Jan hankali ne kawai, ba don Maman Abba ba, don masu karantawa da ke da niyya. Riƙo abu ne da muka tashi muka tarar a gidajenmu, kuma kula da maraya ba sai an faɗi ladansa ba. Amma mayar da yaro ɗa ta yadda za a shafe sunan mahaifinsa, wannan Suratul Ahzab ta hana, aya ta 5 ta ce a kira su da ubanninsu. A ƙasar nan kuwa idan kotu ta kammala, sabuwar takardar haihuwa ake fitarwa da sunan sababbin iyaye. Ya kamata mutum ya san wannan kafin ya shiga.

Maman Abba, Kolumbus:
Malam Allah ya saka da alheri. Mun yi wannan tunanin kusan shekara guda kafin mu yarda. Mun roƙi alƙali a bar masa sunan gidansu, aka bari. Na adana tsohuwar takardar haihuwarsa da hoton mahaifiyarsa a cikin jakar da muke ajiye fasfo, kuma yana da wayo kaɗan za mu fara gaya masa. Abin da ya sa muka ƙarasa shi ne an gaya mana in ba mu ɗauka ba za a nema masa wani gida na dindindin. Yaron da ya koyi tafiya yana riƙe da zanena, in miƙa shi ga wanda ban sani ba? Ban iya ba Malam.

Malam Limamin Unguwa:
Allah ya ba ku ladan riƙo, ya raya shi. Maganar gado da muharramaka ma tattauna a wani zama.

Anti Nas, Baltimo:
Tunda Malam ya taɓo, akwai hanya ta uku da mutanenmu ba su cika sani ba. Dokar 2008 ta ba jihohi damar biyan tallafi ga dangin da suka zama waliyyan yaro a kotu ba tare da sun mayar da shi ɗansu ba. Nasabarsa tana nan, takardar haihuwarsa ba ta canjawa, kuma in ta ƙarƙashin IV-E ne shi ma Medicaid tana biye da shi. Sharaɗin shi ne ka riƙe shi aƙalla wata shida a jere a matsayin mai riƙo da lasisi. Wasu jihohin ma suna ɗaukar aminin gida a matsayin dangi. Wannan ya fi kusa da riƙon da muka sani a gida. Ba kowace jiha ke yi iri ɗaya ba, kuma ba kowane yaro kotu ke yarda a yi masa ba, musamman ƙanana sosai.

Ɗan Damagaram, Girinsboro:
To ni da nake son kawo ɗan yayata marayi daga Zinder, zan samu wannan tallafin?

Mai Lissafi, Miniyapolis:
A'a Malam. Wannan na yaran da ke da alaƙa da tsarin kula da yara na nan ne, dokar ta ware waɗanda aka ɗauko daga ƙasar waje ko aka shigo da su don a ɗauke su. In Allah ya sa ya iso ta hanyar da doka ta yarda, inshorarsa za ta bi kuɗin shigarka da matsayin takardunsa kamar kowa.

Hajiya Mai Ƙosai, Hustan:
Ni gargaɗina a kan ƙaura ne, don na ɗanɗana. Nawa yaron tallafinsa na jiha ne zalla, ba na tarayya ba, ni kuwa ban ma san akwai iri biyu ba sai da muka tashi daga jihar da muka ɗauke shi. Kuɗin wata bai tsaya ba, tsohuwar jihar ta ci gaba da turowa. Katin ne ya zama aiki. Na je kantin magani karɓo masa maganin farfaɗiya, yarinyar ta shafa katin sau uku ta ce ba ya aiki a nan. Ranar Juma'a da yamma. Na biya da kuɗin cefanen mako biyu, na zauna a mota ina kuka. Sai da aka yi mako bakwai ana kai takardu da komo kafin sabon kati ya fito.

Abin da na koya: na IV-E dole ne jihar da ka koma ta ba shi Medicaid. Na jiha zalla kuwa ya danganta da ko sabuwar jihar tana mutunta na wasu. Akwai yarjejeniya tsakanin jihohi da ake kira ICAMA, ta nan ake tura fayil ɗin. Ki sanar da su tun kafin ki ɗaure kaya, ba bayan kin sauke ba. Maman Abba ki buɗe yarjejeniyarki yau ki duba wane iri ce, yana rubuce a ciki.

Maman Abba, Kolumbus:
Subhanallah, sannu Hajiya. Na ɗauko ta yanzu. An yi alama a akwatin IV-E. Alhamdulillah.

Alhaji na Bronx:
To na karɓi gyara a kan inshora. Amma har yanzu raina bai kwanta ba. Maƙwabciyata da ke karɓar katin abinci an ƙirga mata irin wannan kuɗin, har aka rage mata. Gwamnati ɗaya, ta ce kuɗi ne a nan, ta ce ba kuɗi ba ne a can?

Mai Lissafi, Miniyapolis:
Haka yake Alhaji, ba ƙarya ta yi maka ba. SNAP, wato katin abincin nan, ba da ma'aunin haraji take aiki ba, nata dokokin daban, kuma akasari tana ƙirga tallafin a matsayin kuɗin da ya shigo gida. Shi ya sa ma'aikatan da ke cike wa mutane fom iri-iri suke ruɗewa, su ɗauko dokar wannan su ɗora a kan wancan. Kowane fom a amsa masa tambayar da ya yi.

Wani abu kuma Yaya, tunda bana aka kammala. Kada mai yi muku haraji ya manta da fom 8839. Yaron da jiha ta tabbatar yana da buƙata ta musamman, iyayensa suna da haƙƙin cikakken rangwamen haraji na ɗaukar yaro ko da ba su kashe komai ba. Na 2025 dala 17,280 ne, kuma daga 2025 har 5,000 daga ciki ana iya ba ku a hannu ko da harajinku bai kai ba. Ragowar ana tafiya da ita har shekara biyar. Shi ma ba ya shiga MAGI.

Anti Nas, Baltimo:
Ni abin da ke damuna yanzu gaba ne. Tallafin akasari yana ƙarewa a 18, sai in yaro yana da lalurar da jiha ta yarda a kai 21. Mutane suna jin an ce yaran riƙon gwamnati suna da Medicaid har 26, su ɗauka har da namu. Ba haka ba ne. Wancan na wanda ya cika 18 yana hannun gwamnati ne. Wanda aka ɗauka yana ƙarami ba ya ciki. 'Yata tana da 14, na fara lissafi tun yanzu. Abin da ya rage mata shi ne zama a inshorata har 26 kamar kowane ɗa, in ina da aikin.

Admin:
Na maƙala wannan zaren a sama don masu zuwa daga baya. A tuna rajistar inshorar 2026 a HealthCare.gov an sa ranar rufe ta 15 ga Janairun 2026, ga mai son inshorarsa ta fara 1 ga Janairu kuma wa'adin 15 ga Disamban 2025 ne. Ƙarin tallafin da aka fara a 2021 an sa wa'adinsa ƙarshen Disamban 2025, don haka kowa ya shiga ya duba farashinsa da idonsa, kada ya bari ta sabunta kanta.

Maman Abba, Kolumbus:
Na dawo. Bayan sallar isha'i na zauna da kaina na sake cikewa, Baban Abba yana riƙe da takardar harajin bara yana karanto mini. Na cire 8,400, na sa mutum biyar, na ce yaron ba ya nema. Tsarin azurfa ya sauko wajen dala 170 a wata mu biyu, kuma abin da za mu fara biya kafin inshora ta karɓa ya ragu sosai. Su Abba an ce an tura bayanansu Medicaid ta jiha, a jira wasiƙa.

Saura abu ɗaya. Sunan dillalin nan har yanzu yana maƙale a asusuna a matsayin mai taimaka mini. Ta ina ake cire shi?

Mai Lissafi, Miniyapolis:
Ki kira lambar kasuwar da ke ƙasan shafin ki ce a cire shi, sannan ki canja kalmar sirri. Ki ajiye hoton shafin sakamakon cancanta da kwanan watansa. Da safe sun fi saurin ɗauka.